Gaban Goshin Firdausi

A Tudun Wadan Daura, idan aka ga kitso ya yi wata guda bai tashi ba, ba a tambayar wa ta yi shi. Na Hajo ne. Shekara talatin da 'yan kai tana zaune a kan 'yar kujerarta a ƙofar ɗaki, mata suna zama a gabanta, tana tsaga da kibiya tana ja. Daga Sandamu ake kawo mata amare, wasu har daga Mai'adua. Kowa ya san hannunta da zafi. Wadda ta yi wa shuku takan yi kwana biyu girarta a ɗage, amma mata sukan ce zafin na kwana biyu ne, kyan kuwa na wata.

Firdausi ce autarta, ita kaɗai ce mace bayan maza huɗu. Tun tana 'yar shekara uku duk sabon salon da ya zo wa Hajo a rai, a kanta ake fara gwada shi. Ƙananan kalaba, doka, shuku mai hawa biyu, duk ita ta fara fita da su unguwa. Har ta girma, ta yi aure, ta zama malamar firamare a Sandamu, ba ta taɓa miƙa kanta ga wata mai kitso ba.

Gashin bai tafi lokaci ɗaya ba. Da farko ƙananan ƙuraje ne suke fitowa a bakin goshi bayan kowane kitso, sai a shafa man kaɗanya su kwanta. Daga baya gashin gefe ya fara kakkaryewa. Hajo ta ce jego ne, don a lokacin Firdausi ta haifi ɗanta na fari. Aka shafa ruwan albasa, aka shafa man habbatus sauda, aka jiƙa hulba. Yaro ya yi tafiya, aka yaye shi, gashi bai dawo ba. Ranar wata Asabar Firdausi ta zo kitso, Hajo ta tsefe ta taje, ta kai hannu gaban goshi ta rasa abin kamawa. Kimanin faɗin yatsa biyu, daga kunne zuwa kunne, fata ce sumul tana sheƙi.

"Inna, ki kama na tsakiyar kawai," in ji Firdausi. "Ai ɗankwali yana rufewa."

Hajo ta ɗauki kibiya. Ta kama na tsakiyar.

Bayan sati biyu Firdausi ta dawo da waya a hannu, ta nuna mata wata talla. Wani wuri ne a Kano da ake dashen gashi: a ciro saiwar gashi daga ƙeya, inda yake da yawa, a dasa a gaba. Hotunan duk na maza ne fararen fata masu sanƙo, ga su kafin aiki, ga su bayan aiki da suma har ido. An rubuta cewa yini ɗaya ake gamawa. Mijinta, Nu'uman, ya ce idan abin da take so ke nan shi ba zai hana ba, amma kada ta je ita kaɗai.

Akwai wata Siddiƙa da take zuwa kitso wajen Hajo, tsohuwar nas ce da ta daɗe a ɗakin tiyata kafin ta yi ritaya. Hajo ta ba ta labari tana cikin yi mata tsifa.

"Yaya Hajo, aikin gaskiya ne, ana yi," in ji Siddiƙa. "Amma yanka yanka ne, ko da ƙanƙane ne. In kun je ki tambayi sunan likitan, ki ce a nuna miki takardarsa ta rajista. Ki tambaya shi zai yi da hannunsa, ko yaransa zai bar wa. Kuma a nuna muku aikin da ya yi wa masu irin gashinmu. Namu a murɗe yake har cikin fata, wanda bai saba ba sai ya yi ta yanke saiwar wajen cirowa."

Hajo ba ta iya boko ba, saboda haka ta sa aka maimaita mata har ta haddace.

Suka bi motar safe ta Kazaure, suka isa Kano hantsi. Wurin yana saman wani benen shaguna, an ƙawata shi da fitilu da kujeru masu laushi. Wani saurayi sanye da farar riga ya tarbe su da fara'a, ya ba su ruwan sanyi. Firdausi ta fara bayani, bai bari ta kai ƙarshe ba ya buɗe littafi ya ce akwai gurbi ranar Laraba.

"Ba za ka duba kan ba?" in ji Hajo.

"Ranar aikin za a duba, Mama. Duk iri ɗaya ne."

"Kai ne likitan?"

Ya ce babban likitansu yana ƙasar waje, yakan zo lokaci lokaci, amma ma'aikatan da ya koyar ƙwararru ne. Ta tambayi sunansa, ya faɗi wani suna da sauri. Ta tambayi takarda, ya ce tana babban ofis. Ta tambayi hoton mace baƙar fata, ya daɗe yana latsa waya.

Hajo ta miƙe ta gyara hijabi. "Auta, tashi mu je."

A kan matakala Firdausi ta fara ƙunƙuni, ta ce sun yi asarar yini. Hajo ta tsaya ta dube ta.

"Ni da kibiya kawai nake aiki, ban taɓa sa wa mace ranar kitso ban taɓa kanta ba. Wannan da wuƙa zai zo, bai ko ce ki zame ɗankwali ba."

Siddiƙa ce ta yi ta buge-bugen waya wajen tsofaffin abokan aikinta har aka ba ta sunan wata likitar fata, Dakta Khairunnisa, wadda take aiki a babban asibiti kuma take ganin mutane a wani ƙaramin asibiti da yamma. Sai da suka jira sati uku kafin layi ya zo kansu.

Ɗakin nata ba shi da wani ado. Takardunta suna rataye a bango inda kowa zai gani. Mace ce siririya mai gilashi, ba ta kai shekarun Hajo ba amma furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ta gaishe su, ta tambayi hanya, ta wanke hannu, sannan ta ce Firdausi ta buɗe kai. Ta ɗauki wani ɗan madubi mai fitila ta bi bakin goshin kaɗan kaɗan, ta koma ƙeya ta tsaga gashin wuri wuri. Ta duba hujin kunnuwanta, ta tambaya ko ta taɓa yin ciwon da ya warke tabon ya kumbura ya yi tudu. Ta tambayi haihuwa, ta tambayi jinin al'ada, ta tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi. Kusan rabin awa ba ta ambaci dashe ba.

Daga nan ta ce, "Wa yake miki kitso?"

Firdausi ta sunkuyar da kai. Ta ce wurare daban-daban take zuwa.

"Ni ce, Likita," in ji Hajo. "Tun tana 'yar shekara uku. Babu hannun da ya taɓa kan nan sai nawa."

Dakta Khairunnisa ta ajiye madubin, ta jawo kujerarta kusa da Hajo.

"Hajiya, zan faɗa miki gaskiya tunda kin faɗa mini gaskiya. Ja ne ya kawo wannan. Saiwar gashin gaba ba ta da ƙarfi, in ana janta shekara da shekaru sai ta gaji ta mutu. Ba mugunta ba ce, haka aka koya mana kyan kitso. Ni ma kakata ce take yi mini, kin ga." Ta ɗan zame ɗankwalinta, ta nuna gefen kanta inda gashin ya yi shara-shara.

Hajo ta kalli wurin, ta kalli tafin hannunta. Sannan ta ce, "To yanzu mene ne abin yi?"

"Yau dai ba zan sa muku rana ba."

Ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai wuraren da saiwar ta suma ne kawai, waɗannan za su iya farfaɗowa in aka daina ja. Inda fatar take sheƙi kuwa, can babu abin da zai tsiro sai an dasa. Ba za a san iyakar wannan da wancan ba sai an huta wata shida, ba kitso mai ja, ba man miƙar da gashi, ba ɗaure ɗankwali tamau a kan goshi. Ta rubuta gwajin jini, ta rubuta maganin shafawa. Ta ce in an dasa kuma aka koma ja, wanda aka dasa ma zai bi na farko, ga shi ƙeya ba rijiya ba ce, abin da aka ɗiba ba ya komawa.

"Zai dawo kamar da?" Firdausi ta tambaya.

"A'a. Zai rufe, zai yi kyau in Allah ya so, wanda bai sani ba ba zai gane ba. Amma cikar da kike da ita kina budurwa, ba zan yi miki alkawarinta ba. Duk wanda ya yi miki wannan alkawari, ki riƙe jakarki ki fita."

Hajo ta jero tambayoyin Siddiƙa ɗaya bayan ɗaya. Likitar ta amsa duka ba tare da ta ƙosa ba. Ta ce ita take cirowa, ita take tsaga wurin dasawa, nas biyu suna taya ta jerawa tana tsaye a kansu. Ta buɗe kwamfuta ta nuna musu hotunan mata, an rufe fuskokinsu, har da wata da ta ce aikinta bai kama sosai ba, ta kuma faɗi dalili.

A mota ran Firdausi a ɓace yake har suka wuce Kazaure. Ta so a ce an sa rana. Hajo ce ta fara magana.

"Matar nan ta san aikinta. Kin ga yadda take tsaga? Ba ta ja miki ko sili ɗaya ba."

Gwaji ya nuna Firdausi tana da ƙarancin jini, aka ɗora ta a kan magani. Wata shidan nan Hajo da kanta take wanke mata kai, ta raba gashin gida huɗu ta murɗa sako-sako. Kuma ba a kan Firdausi kaɗai abin ya tsaya ba. Duk wadda ta zauna a gabanta, sai ta bar gashin bakin goshi ba ta kama ba, sauran kuma ta sassauta hannu. Kitson da yake wata guda ya koma sati biyu. Mata suka fara magana. Wata ta ce tsufa ne ya kama Hajo, wata ta ce yanga ce. Wata gwaggon amarya daga Sandamu ta tsaya a kanta ta ce a ja sosai, biki kwana bakwai ne.

"In kin ga ya tashi kafin a watse, ki dawo da ita in sake," in ji Hajo. "Amma ba zan ja ba."

Matar ta ɗauke amaryarta ta kai wani gida. Wasu ma suka bi. Akwai ranakun da Hajo take yini a ƙofar ɗaki mutum biyu kawai suka zo. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba, kuma duk wadda ta tambaye ta dalili, takan faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: "Hannuna ne ya cinye goshin 'yata."

Da suka koma Kano, kusan faɗin rabin yatsa na gashin goshin ya farfaɗo da kansa. Dakta Khairunnisa ta yi murna kamar nata ne, ta ce an rage yawan abin da za a ɗiba. Duk da haka sai da ta fara dasa 'yan ƙalilan a gefe ɗaya, ta ce a jira wata uku a ga yadda fatar za ta karɓa da yadda tabon ƙeya zai warke. Ya warke lafiya. Sannan ta sa rana, a cikin dogon hutun makaranta.

Nu'uman ne ya kai su a motar wani abokinsa. Aka aske wani yanki a ƙeyar Firdausi, inda gashin sama zai sauko ya rufe. Likitar ta zana layin goshi da alƙalami, ta ba ta madubi. Sai ta juya wajen Hajo.

"Hajiya, ke kika san goshin nan tun yana cikakke. Nan ne?"

Hajo ta matso ta duba. Ta ce layin ya cika miƙewa, na Firdausi yana da ɗan lanƙwasa ta hagu, kuma akwai wani ɗan tsini a tsakiya irin na mahaifinta. Likitar ta goge ta sake zanawa yadda aka faɗa mata.

Aikin ya ci awa shida. Firdausi tana farke, an yi mata allurar kashe zafi a fatar kai. Ta ce allurar ce kawai ta yi zafi, sauran sai ƙarar na'ura da gajiyar kwanciya. Hajo tana zaune a baranda da carbi. Sau biyu likitar ta fito da kanta ta ce mata komai yana tafiya daidai.

Kafin a sallame su washegari, ta zaunar da su ukun ta ba su takarda da Hausa, ta kuma karanta musu. Kwana biyar a kishingiɗe za ta riƙa barci, da matasai a baya. Ba sosawa, ko ƙaiƙayi ya kai ina. Ba shiga rana, ba ɗaukar kaya, ba sunkuyo a kan murhu. Hijabi mai faɗi za ta yafa a kan wata hula sako-sako da ta ba ta, kada wani abu ya goge wurin. Firdausi ta tambayi alwala da sujada. Likitar ta ce ita dai abin da ta sani kada ruwa ko tabarma su taɓa wurin na 'yan kwanaki, yadda za a yi sallar kuwa a tambayi malami, akwai sauƙin da aka yi wa mai rauni. Ta ƙara da cewa goshi zai kumbura, kuma bayan sati uku zuwa huɗu gashin da aka dasa zai zube.

"Zai zube?" in ji Nu'uman.

"Silin zai zube, saiwar tana ciki. Na faɗa muku yanzu ne don kada ku firgita. Amma na san za ku firgita, saboda haka ga lambata."

A gidan Hajo aka yi jinyar. Kwana na uku kumburin ya sauko har fatar ido, Firdausi ta ƙi kallon madubi. Da lokacin wanki ya yi, Hajo ta kaɗa kumfar sabulun da aka ba su a kofi, ta riƙa ɗora ta da tafin hannu ba gugawa, ta zuba ruwa mai ɗumi a hankali daga sama. Hannun da aka sani da ja ya koma kamar mai wankan jariri. Siddiƙa tana leƙowa duk bayan kwana biyu ta duba ko akwai ja ko ruwa. Kwana goma sha biyu ɓawon ya gama faɗuwa, ga 'yan gajerun gashi a jere. Firdausi ta koma ɗakinta da murna.

Ranar kwana ashirin da shida da hantsi ta shigo gidan da hularta a hannu, cikinta duk ƙananan gashi. Goshin ya koma kusan yadda yake a da. Ta zauna a bakin gado tana hawaye.

"Ai an faɗa mana, Auta."

"Na sani, Inna. Amma duba fa. In kuma nawa bai kama ba?"

Hajo ta sa ta kira lambar. Likitar tana tsakiyar ganin marasa lafiya, ta ce a ba ta minti ashirin. Kafin su cika ta kira ta bidiyo, ta sa Firdausi ta fita tsakar gida inda haske yake, ta juya kai dama da hagu.

"Fatar lafiya lau take. Haka ake so. Yanzu aikinki ɗaya, ki daina duba madubi kullum. Ranar ɗaya ga kowane wata ki ɗauki hoto ki turo mini."

Wata na biyu babu komai. Wata na uku babu abin kirki, sai 'yan ƙuraje biyu da likitar ta ce gashi ne yake neman hanya. A wata na huɗu Hajo tana shafa mata mai ta ji wani abu a ƙarƙashin yatsanta, laushi kamar gashin jariri. Ta bi layin gaba ɗaya ta tabbatar. Sannan ta kama hannun Firdausi ta ɗora a wurin.

Da shekara ta cika suka koma. Gashin ya kai tsawon gaɓar yatsa biyu, ya murɗe ya haɗe da na baya. Dakta Khairunnisa ta duba da madubinta, ta jera hoton farko da na yau.

"Dama ta fi hagu cika," in ji ta. "A hagun akwai waɗanda ba su kama ba, kin gani nan. Zan iya ƙarawa, amma in shawarata za ki bi, ki bar shi. Ba mai lura sai ni da Hajiya, ƙeyarki kuma gara a bar mata abinta."

Firdausi ta ce ta bar shi. Hajo ta ciro ƙullin da ta zo da shi, man shanu ne da kuka da daddawa. Likitar ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, sannan ta ce tana da roƙo.

"Mata da yawa suna zuwa mini daga wajenku. In na ce su daina kitso mai ja, sai su ce to wa zai yi musu wani iri. Kin yarda in riƙa ba su sunanki?"

Hajo ta ce ita ba ta yi karatu ba. Likitar ta ce ba karatu take nema ba.

Bayan sallar layya wata mata ta yi sallama a gidan, ta sauka daga kan babur tun daga Mai'adua, da 'yarta budurwa a bayanta. Ta miƙa wata takardar asibiti da aka ninke huɗu. Hajo ta kira wata maƙwabciya ta karanta mata. A ƙasan sunayen magunguna an rubuta: Hajo mai kitso, Tudun Wada, Daura.

"Likita ta ce wata shida za mu yi a hannunki kafin mu koma," in ji matar. "Ta ce ba sai na yi miki bayani ba."

Hajo ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa. Yarinyar tana ta riƙe bakin hijabinta a kan goshi, ta ƙi sakewa.

"Ku sha ruwa tukuna," in ji Hajo. "Kun karya kuwa? Akwai sauran koko."